Amsa: Yaron maƙwabciya ya ce wani malami a makarantar coci ya taɓa shi

Yaya, na karanta tambayarki a kan yaron maƙwabciyarki a Gadarif ta ƙasar Sudan, wanda ya ce wani malamin makarantar cocin Katolika yana kai shi ɗaki shi kaɗai yana taɓa jikinsa. Kin tambaya ko a yi shiru don kada a ce Musulmi na neman rigima da Kiristoci.

Don Allah kada a yi shiru. Yaron da ya daina cin abinci, yake riƙe zanin uwarsa da safe yana kuka, dole ne a ɗauki maganarsa da muhimmanci. Uwar ta zauna da shi, ta saurare shi ba tsawa, ta rubuta maganarsa yadda ya faɗa, da ranar. Kada a tara mutane a yi ta yi masa tambayoyi, kuma kada a je a tsare malamin da faɗa.

A kai shi asibiti, sannan a kai ƙara wurin 'yan sanda na sashen kare iyali da yara. Dokar Yara ta Sudan ta 2010 ta tsaya a bayansa.

Cocin ma ba ya son a rufe. A 2019 Paparoma Francis ya wajabta wa kowace dayasis, wato yankin coci da ke ƙarƙashin bishop (shugaban limaman cocin yankin), ta buɗe hanyar karɓar irin wannan ƙorafi, kuma ya hana a tilasta wa mai ƙorafi yin shiru. A rubuta wa ofishin bishop, a ajiye kwafi. Amma a fara da 'yan sanda, kuma a cire yaron daga ajin yau ɗin nan.