Amsa ga ɗana na Zariya a kan zaman ma'aikacin bishara a zangon Kumasi

Ɗana, ɗan ɗan'uwana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da ka yi tambayar a fili, domin na san ba kai kaɗai take damu ba. Ka ce a gida ana ɗaukan ɗan mishan a matsayin mai yawon ƙasashe, yau yana nan gobe yana can, sannan ka tambayi abin da ya zaunar da ni Kumasi ta ƙasar Gana tun da aka aiko ni a 1980, da yadda Bahaushe Kirista yake rayuwa a unguwar da kusan kowa Musulmi ne.

Kalmar mishan ta daɗe da daina nufin Bature kaɗai. Gaskiya ne Turawa suka fara, domin Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a ƙarshen 1893 da niyyar shiga can cikin ƙasa, kuma kafin 1894 ta ƙare biyu daga cikinsu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Likita Miller, wanda ya daɗe a garinmu, yana cikin waɗanda suka yi aikin fassara har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Amma daga 1948, lokacin da aka kafa ƙungiyar aika 'yan ƙasa wadda daga baya aka sani da EMS, ikilisiyoyin ƙasarmu suka fara aika nasu 'ya'yan da baikon da manoma da matan zumunta suka tara. Mu da muka biyo baya irin waɗannan ne, ba mu zo da mota ko asibiti ba, sai Littafi da harshen da aka haife mu da shi.

Wannan harshe shi ne dalilin da ya sa aka ga dacewar aiko Bahaushe nan. Kakanninmu fataken goro sun yi ƙarnuka suna bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga, kuma bayan yaƙin basasar garin na 1892 suka watsu zuwa wasu garuruwa, har da Kumasi, babban birnin Asante, waɗanda su fataken suke kira Tonawa. Wurin da ayari ke sauke kaya shi ya zama unguwa, sunan zango kuma ya bi ta har yau. A cikinta Hausa ce harshen da ke haɗa kowa, ko da yake yawancin masu magana da ita ba Hausawa ba ne. Mutanen da suka fara taruwa yin sujada tare da ni 'yan arewacin Gana ne da makwabtanta, Farafara da Kusasi da Busanga da Mosi, waɗanda suka gangaro neman aiki a gonakin koko da kasuwanni. A garin akwai manyan majami'u tun da daɗewa, domin Ramseyer na mishan ɗin Basel, wanda aka taɓa tsarewa a Kumasi, daga baya ya koma ya kafa aiki a 1896, amma sujadarsu da harshen Tuwi ake yi ko Turanci, leburan arewa kuwa yakan zauna a baya bai fahimci komai ba. Ranar da ya ji an karanta Zabura da Hausa, sai ka ga ya gyara zama. Sai dai ni ma na koma ɗalibi, domin Hausar nan ba ta rarrabe namiji da mace, "ya zo" ake cewa ko da mace ce ta zo, kuma ɗ da ƙ sun koma d da k. Na yi wata shida ina ƙoƙarin gyara musu magana kafin na gane cewa ni ne ya kamata in sassauta harshena.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne al'adar masauki, domin a kanta dukan zamanmu ya ginu. Baƙo ba ya shiga zango da kansa. Dole ya sami mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya kai shi gaida Sarkin Zango da limami da masu unguwa, ya kuma tsaya masa idan wata magana ta taso. Mai masaukina Alhaji ne, bafataken goro, kuma tun daren farko na gaya masa aikin da ya kawo ni, ban ɓoye masa komai ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ɗakin nawa ne, muddin ba zan zagi addinin kowa ba, ba kuma zan ja yaron kowa a bayan idon iyayensa ba. Na karɓi sharuɗɗan nan biyu da zuciya ɗaya, kuma har yau su nake fara gaya wa duk matashin da aka aiko mana. Wanda ya zo a ɓoye, yana kiran kansa ɗan kasuwa alhali wa'azi ya kawo shi, ya ci amanar mai masaukinsa, ya kuma ɓata sunan Almasihun da yake cewa yana yi wa hidima. A kan wannan ban taɓa sassautawa ba.

Tafiya kuwa akwai ta, amma ba irin wadda ake zato a gida ba. Mutanenmu a warwatse suke, saboda haka sau da yawa a shekara nakan bi hanyar Teciman da Kintampo zuwa Tamale, in wuce Bolgatanga har Bawku, wani lokaci kuma in haye tafkin Bolta a jirgin fito daga Yeji in nufi Salaga. Ana zuwa ne domin baftisma, ko Jibin Ubangiji ga 'yan mutum goma da suka yi wata uku ba su ga fasto ba, ko kai gawar lebura garinsu, ko sasanta miji da mata. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, kuma rabin aikin mai bishara ke nan. Zuwa gida kuwa sai bayan shekara biyu ko uku, ta Akara da Aflawo da Lome da Kwatano zuwa Seme. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ba tare da biza ba na kwana 90, amma mai zama kamar ni sai ya nemi takardar izinin zama, ya riƙa sabunta ta.

Shekarun da suka fi gwada mu su ne na farko. A Janairun 1983 gwamnatin Najeriya ta kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka komo gida a daidai shekarar fari da gobarar daji da yunwa. Ni ɗan Najeriya ne a tsakiyarsu, kuma dattawan zango ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana. Alhaji ne ya riƙa fita da ni duk inda za shi, domin kowa ya san a hannun wa nake. Sai kuma aka rufe iyakokin Najeriya daga 1984 zuwa 1986, tallafin da ikilisiya ke aiko mini ya yanke ba da laifin kowa ba. Na koma noma da koyar da karatun manya da dare, matata kuma, uwarka ta nan, ta kama ɗinki. Bayan an buɗe iyaka, fataken goro Musulmi ne suka riƙa ɗauko mini kuɗin daga gida, ko kwabo bai taɓa ɓata ba. Yanzu aika kuɗi ya yi sauƙi, amma duk faɗuwar da naira ta yi, a hannun ma'aikacin da ke canza ta zuwa sidi, kuɗin Gana, ake fara ganinta, shi ya sa muke shawartar duk mai zuwa ya zo da sana'a.

Game da zama da Musulmi, ba ma ɓoye bangaskiyarmu, su ma ba sa ɓoye tasu, kuma mun sha tattaunawa mai zurfi a zaure ba tare da wani ya ɗaga murya ba. Muna zuwa sunansu da ta'aziyyarsu, suna zuwa namu. Lokacin da babban limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya halarci sujadar Ista a wata majami'ar Katolika da ke Akara a 2019, duniya ta yi mamaki, mu kuwa mun ga abin da muka saba da shi ne a ƙofar gida. Ba na cewa babu ciwo. Wanda ya bar addinin iyayensa yakan sha wuya a ko'ina, kuma wajibinmu ne mu riƙe shi ba tare da mun raba shi da girmama mahaifansa ba.

Ka tambayi dalilin da ban dawo ba. Kiristocin Asante sukan ajiye gawa makonni, wani lokaci watanni, kafin babban taron jana'iza, mu kuwa mun riƙe al'adar gida ta gaggauta binnewa. Da uwarka ta rasu, washegari muka binne ta a nan, kuma 'ya'yan Alhaji ne suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansu suka zauna karɓar gaisuwa tare da ni kwana uku. 'Yan'uwanka a nan aka haife su, Hausar zango da Tuwi suke yi, kuma wanda ke jagorantar ikilisiyar yanzu ɗan wani leburan koko ne da na yi wa baftisma da hannuna. Ina kewar Zariya, musamman idan hunturu ya shigo, amma kabarin matata da jikokina suna nan.

Idan kana jin kira kamar yadda ka ɗan nuna a ƙarshen saƙonka, ka fara shawartar mahaifinka da dattawan ikilisiyarku, sannan ka zo ka yi wata guda tare da mu kafin ka yanke magana. Ka taho da fasfo da katin rigakafin cutar shawara, domin za a tambaye ka a iyaka. Ranar da ka sauka, kafin in kai ka majami'a, zan fara kai ka gidan Alhaji ka gaida babban ɗansa, wanda shi ne mai masaukinmu yanzu.