Baƙon da ya ce a kai shi gungu

Ɗanladi, bar injin nan ya huce, zo ka zauna kusa da ni. Na ji tambayar da ka yi mini jiya da la'asar, na yi shiru ne don kwata ta cika da mutane. Ka ce wani baƙo daga Abuja ya nuna maka hotunan Zanzibar a wayarsa, farin rairayi da ruwa garau kamar a kwalba, ya ce can ne ake zuwa hutu. Sai ka ce da ni: "Baba, mu da ba mu da teku, in baƙo ya biya kuɗi ya ce a kai shi gungu, wato tsibirin cikin kogi, me za mu nuna masa?" Na ga yadda ka yi tambayar kanka a ƙasa, kuma wannan sunkuyar da kan ita ta fi damuna.

Mutumin bai yi maka ƙarya ba. Zanzibar tsibiri ne a tekun Indiya, cikin ƙasar Tanzaniya, tafiyar kamar awa 2 a jirgin ruwa mai sauri daga Darussalam. Galibin mutanenta Musulmi ne, Suwahili suke yi. Suna da tsohon birni na dutse mai lunguna, da gonakin kanumfari, da wani ɗan tsibiri, Cangu, inda ake zuwa kallon manyan kunkuru. Ruwansu na gishiri ne, yana janyewa ya dawo sau 2 a yini, mutum kuma yakan sa gilashi a ido ya leƙa ƙasa ya ga kifi suna yawo. To, kada ka taɓa yi wa baƙo alkawarin wannan a Yauri. Ruwanmu na kogin Kwara ne, da damina ja-ja-fari ne kamar kunu, ba wanda zai leƙa ya ga komai. In ka fara gwada namu da nasu a kan launin ruwa, ka faɗi tun ba a tashi daga kwata ba.

Amma ka tsaya ka duba abin da matuƙin jirgin Zanzibar yake sayarwa. Shi ya halicci tekun? Abin da yake da shi sani ne: ya san sa'ar da ruwa zai janye, ya san inda kifi ke taruwa, ya san gidan da za a karɓi baƙonsa. Kai ma shi ne jarinka. Baƙon gari makaho ne ko da idonsa biyu, kai ne sandarsa.

Fara da sanin ruwan. Kwara tana cika sau 2 a shekara, kuma yawancin baƙi ba su taɓa jin haka ba. Akwai farin ruwa, wanda damunarmu ta nan ke kawowa wajen watan Agusta zuwa Oktoba, mai laka da ƙarfi, yana ɗauke da kututture da kainuwa. Sannan akwai baƙin ruwa, mai isowa cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigo ba a yi a ƙasarmu. Ruwan sama ne da ya zuba tun damina a duwatsun Gini, ya bi ta Mali ya shimfiɗe cikin fadamunsu watanni, lakarsa ta kwanta, sannan ya gangaro ta Yamai ya shigo mana a tace. Ka ɗebo shi a tafin hannu ka nuna wa baƙo, ka ce masa wannan ruwan ya keta ƙasashe kafin ya taɓa jirginmu. Na sha ganin manyan ma'aikata sun yi tsit a kan wannan maganar kaɗai.

Shi ya sa in wani ya kira ka ya ce yaushe zai zo, ce masa daga ƙarshen kaka zuwa ƙarshen sanyi. Ruwa a cike yake, hadari ya wuce, albasa ta yi kore a bakin gaɓa. In bazara ta shiga ruwa yana ja da baya, tuddan rairayi suna fitowa, akwai kyan gani amma rana ba ta da sauƙi, kuma iskar farkon damina ba ta sallama.

Ka tashi da su da sassafe, ana idar da sallar asuba. Baƙo zai so ya yi barci har hantsi tunda hutu ya zo, lallashe shi. Duk abin kallo na ruwa da safe yake. A lokacin masunta Sarkawa ke dawowa daga duba kalli da mamari, mai birgi yana tsaye a goshin kwalekwalensa yana wurgawa, taru yana buɗewa a sama kamar faifai. Rage wuta, ka matsa a hankali, ka yi sallama, kada ka bi ta kan ragar mutum. In sun yarda, ka ɗaga kifin ɗaya bayan ɗaya ka faɗi sunansa: giwan ruwa, ƙarfasa, tarwaɗa, kurungu mai ƙaya, yauni mai dogon jiki, tsage mai haƙora kamar na kare. Mutumin birni kifi biyu ya sani, ɗanye da banda. In an yi sa'a an kamo talibambam, ba yara su ga yadda yake kumbura. Minjirya kuwa ka nuna ta daga nesa, ka hana kowa taɓawa, don ka san yadda take jan mutum. Tsuntsaye ma haka: zalɓe a tsaye cikin burgu, balbela, garken kirinjijiya suna tashi da kukansu. Ba sai ka cika su da surutu ba. Kashe injin ka ɗauki filafili na ɗan lokaci, su ji yadda ruwa yake in ba ƙara.

Kowane baƙo zai tambaye ka dorina. Muna da ita, manoman shinkafa sun fi kowa sani. Amma kada son a yaba maka ya sa ka kusance ta. Da rana tana cikin ruwa, da dare take fita kiwo. In ka ga ta wage baki, ba barci take ji ba, gargaɗi take yi. Mai ɗa ta fi kowace haɗari, kuma ba a shiga tsakaninta da zurfi. Daga nesa za ka tsaya, goshin jirgi yana kallon hanyar fita, inji a kunne. Wanda ya ce hotonsa bai fito ba, ya yi haƙuri. Ayu kuma kada ka yi wa kowa alkawarinsa. Mutum yakan shekara a kan ruwan nan bai ga hancinsa ba, doka ma ta hana kashe shi.

Yanzu gungun kansa. Kafin ka sauke kowa, ka tuna gidan mutane ne. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, sun riga ni da kai zama a tsibiran nan, sunan ma daga gungu ya fito. Ka fara kai baƙo gaban maigari a gaisa, da ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa. Ka faɗa musu tun a cikin jirgi cewa ba a ɗaukar hoton mata a wurin wanka ko wanki, ba a leƙa gida ba izini. Kuskuren baƙo ɗaya kai zai rufe wa ƙofa shekaru, shi kuwa ya koma garinsu. In an karɓe ku, kai su gonar albasa su ga fangali da yadda ake ban ruwa, su ga inda ake shanya ƙananan kifin warangi da inda mata ke banda kifi. In ka ji labarin za a yi kokawa, to ranar ta yi kyau, Gungawa ba su wasa da ita. Su sayi albasa da kifi a hannun masu shi, kuma kada ka taya su karya farashi don ka burge su. Gobe ma can za ka koma.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wanda ido ba ya gani. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taso ya cinye garuruwa da gonaki da makabartu, aka tashi mutane wajen 44,000 aka mai da su sababbin matsugunai. Tsohuwar Busa tana ƙarƙashin tafkin, can ne Bature Mungo Park ya halaka a 1806, bayan ya wuce ta ƙasar Yauri. A 1830 wasu Turawa 'yan'uwa biyu, su Landa, suka zo har wurin Sarkin Yauri suna neman takardun Mungo Park. Tsibirin Foge, babba a cikin tsibiran nan, ruwa ya shafe mafi yawansa. Ita kanta sarautar Yauri ta taɓa barin Birnin Yauri ta zauna a tsibirin Ikum, kafin ta dawo Yelwa a 1888. Ka ga ke nan gungu ba wurin kifi da albasa kaɗai ba ne, ya taɓa zama mafakar sarki.

Wata shekara wani dattijo ya zo daga Kaduna da jikokinsa uku. Bai tambayi dorina ba, bai tambayi kifi ba. Ya ce in nufi kudu, yana ta duban duwatsun gaɓa, yana cewa in ɗan karkata dama, in ɗan ƙara gaba. Can sai ya ɗaga hannu ya ce in tsaya. Ba komai a wurin sai ruwa ta ko'ina. Ya ce da yaran, nan ƙasa aka haife ni, nan kabarin uwata yake. Na kashe inji. Ya yi addu'a muka shafa, muka zauna shiru jirgi yana lilo da mu. Ƙaramar jikar ta tsoma hannu cikin ruwan ta daɗe ba ta cire ba. Tun daga ranar na fara bin tsofaffi ina tambayar inda kowane gari yake a da, da sunan kowane dutse da ake gane shi da shi. Kai ma ka fara tun suna raye. Dattawan Hausawa da Gungawa da suka ga tashin nan da idonsu kullum raguwa suke.

Waɗancan garuruwan da ke ƙasa suna da alaƙa da tuƙinka ma. Itatuwan da ruwa ya cinye ba duka suka ruɓe ba, kututturansu suna nan tsaye, in ruwa ya ja baya suna dab da cikin jirgi. Shi ya sa nake hana ka yanke hanya. Ka tuna Warra, watan Mayu na 2021, jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka fita. Har yau akwai gidajen da ba su warke ba. Don haka kowa ya sa rigar ruwa kafin ka ture jirgi, babba da yaro, mai babbar riga da mai lulluɓi. Wanda ya ce ya iya iyo, ce masa wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, na kusa da shi zai fara shaƙewa. Wanda ya ƙi, mai da masa kuɗinsa. Ba a ƙara mutum ɗaya kan adadi, ba a tafiyar dare, hukumar hanyoyin ruwa ta hana, mu ma tun kafin ta hana mun sani. In ka ga gabas ta haɗe ko iska ta canja ta yi sanyi, nemi gaɓa mafi kusa ka ɗaure, ko baƙo zai yi fushi.

Za su so wanka, musamman yara, don a hotunan can kowa cikin ruwa yake. Hana su shiga kwantaccen ruwa mai ciyawa. Nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take, yaro ya koma gida bayan makonni a ga jini a fitsarinsa ba a san daga ina ba. Ruwan sha kuma a taho da shi daga gari.

Maganar kuɗi a gama ta a tudu: yini ne ko rabin yini, wa zai sayi mai, ina da ina za a je. Ka riƙe jarkar mai ta daban wadda ba a lissafa ta cikin tafiya. Kafin ka nufi yankin da ka kwana biyu ba ka je ba, tambayi masunta da Sarkin Ruwa lafiyar wurin, zamanin ya zo da haka. Wanda ya ce yana son taro da kiɗa, faɗa masa ya daidaita zuwansa da Rigata, ya ga tseren kwalekwale a gaban Mai Martaba. In yana da sauran kwanaki ya wuce Argungu ya ga kogin Matan Fada da gidan tarihin Kanta.

Mutumin naka na Abuja ya ce jibi zai dawo da iyalinsa, ko? Kai za ka tuƙa, ni ina zaune a baya. Yau ka wanke jirgin, ka duba fulogi da farfela, ka shanya rigunan ruwa, ka ware ƙanana guda uku na yara. In ka gama, haura wurin maigari ka shaida masa muna tafe da baƙi da hantsi.