Ku Tambaya Mu Amsa: Takarda a hannu, aiki shiru

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama lisans a fannin lissafin kuɗi a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, yau shekara biyu ke nan. Na ajiye dosiye ya fi wuri goma, ko kira ɗaya ban samu ba. Duk inda na je sai a ce ana son wanda ya taɓa aiki. To wanda ba a ɗauka ba, ina zai taɓa aikin? Daga wani matashi, Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Abin da mai ɗaukar aiki yake nufi da "taɓa aiki" shi ne takardar shaida mai hatimi da sa hannu, wadda ta ce ka zauna wuri kaza daga wata kaza zuwa wata kaza, ka riƙe aiki kaza. Ita za ka fara nema kafin albashi.

Ka fara da ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi, ka yi rajista ka karɓi katin mai neman aiki. Katin ba ya ba da aiki, amma sanarwar ɗaukar ma'aikata da yawa ta nan take bi, kuma akwai wuraren da ba sa duba dosiyen da babu shi. Ka tambaye su tsarin sitaj, wato koyon aiki na ɗan lokaci, da suke tura masu digiri kamfanoni, ka kuma riƙa sabunta katin. Ga kuma sabis sibik, bautar ƙasa ta shekara biyu: kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma takardarsa tana da nauyi ranar da gwamnati ta buɗe jarrabawar ɗaukar ma'aikata.

Sai dosiye, inda mutane da yawa ke faɗuwa tun ba a karanta sunansu ba. Takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa da difloma, kowace ka yi kwafi biyar ka kai a buga musu hatimi, ka ajiye. Kaziye kuwa, wato takardar kotu mai shaida ba a taɓa ɗaure ka ba, kada ka tara ta: galibi ana son wadda ba ta wuce wata 3 ba. Ka jera takardun ka duba harafi da harafi. In takardar haihuwa ta ce Mahamadou, difloma ta ce Mamadou, a idon ofis mutum biyu ne, kuma gyaran yana cin lokaci. CV, wato takardar tarihin karatunka da aikinka, shafi ɗaya ya isa, da lambar wayar da ba ta zama a kashe.

Sannan kada ka tsaya ga banki da ƙungiyoyin agaji kaɗai, kowa can ya nufa. Ƙungiyoyin manoman albasa na Galmi, ƴan kasuwar Ƙonni da masu kantin magani suna juya kuɗi masu yawa, wasunsu da littafin makaranta da biro kawai. Ka je ka ce za ka tsara musu shiga da fita a Excel na wata 3, da sharaɗin takardar shaida a ƙarshe. Ku rubuta ranar farawa da ta gamawa, don sitaj maras ranar gamawa bauta ce. Ranar da aka ce an ɗauke ka, ka sani albashi mafi ƙanƙanta a doka jikka 42 ne a wata, wato sefa dubu 42, tun 2024, kuma wajibi ne a yi maka rajista a CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata.

Tambaya: Ɗana yana da shekara 16, ya bar lakkol tun aji shida. Mahaifinsa ya rasu, ba ni da ƙarfi. Yanzu ba ya da zance sai na tafiya Libiya. Ko takardar haihuwa ba ya da ita. Ina zan sa kaina? Daga wata uwa, Tawa.

Amsa: Inna, Allah ya jiƙan mai gida. Takardar za ki fara yi, domin ba cibiyar da za ta rubuta sunansa babu ita. Tunda lokacin rajistar jarirai ya wuce, kotu za ki je da shaidun da suka san haihuwarsa, alƙali ya yanke hukuncin da za a kai ma'aikatar magajin gari a fitar da takardar.

Daga nan hanya biyu ce. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati da ake kira CFM a gundumomi, ana koyar da walda, ɗinki, kafinta, kanikanci da aikin lantarki, kuma an yi su ne don irinsa. Ki leƙa ofishin FAFPA ma, asusun da ke biyan kuɗin horar da matasa, ki tambayi lokacin da suke karɓar sunaye.

Ta biyu ita ce ajiye shi wurin maigidan sana'a. Doka ta yarda daga shekara 14, ta kuma ce yarjejeniyar koyo a rubuce take. Nan ake sakaci. A kai yaro da "ga amana" kawai, sai ya shekara biyu yana shara da dafa shayi, bai taɓa riƙe kan walda ba. Ki je da kawunsa ko limamin unguwa, a rubuta shekara nawa zai yi, me zai iya bayan wata 6, wa ke ba shi abincin rana. Duk ƙarshen wata wani babba ya leƙa, ya ce yaro ya nuna abin da ya yi da hannunsa. In walda ce, ki saya masa gilashin kare ido tun ranar farko. Ƙyallin wutar yana ƙona ido, sai dare ya yi yaro ya ji kamar an zuba masa rairayi. Mu dai da za a bi ta tamu, sola da gyaran famfon ban-ruwa za mu zaɓa masa, saboda masu lambu ba sa rabuwa da neman mai gyara, kuma ɗaukewar wuta lokacin zafi ba ta tsayar da aikin. In yana tara kuɗin motar Agadas don tafiya Libiya, ki lallashe shi ya fara sayen filaya, sukudireba da mitar gwada wuta da su.

Tambaya: An turo mini saƙo ta WhatsApp cewa wata ƙungiya tana ɗaukar ma'aikata, amma sai na tura jikka 50 na "buɗe dosiye". In tura? Daga wata ɗaliba, Yamai.

Amsa: Kada ki tura ko dala, ƙanwarmu. Ƙungiyar gaskiya ba ta karɓar kuɗi ta lambar wayar mutum kafin ta ga fuskarki. Ki je ofishinsu da ƙafarki ki tambayi mai gadi ko an manna sanarwa. Kada ki aika hoton katin shaidarki, da shi ake buɗe layi da sunanki. Ki ɗauki hoton saƙon da lambar kafin su goge, ki kai wa ƴan sanda.