Hukuncin yi wa ayu kuɗi a takardar masu bincike

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni mai sayar da bandar kifi ne a Garwa. Wasu ɗalibai sun same mu a bakin Binuwai da takardar tambayoyi, suka ce ayu yana ƙarewa, nawa kowannenmu zai iya bayarwa duk shekara don a kare shi? Kunya ta sa na ce sefa 5,000, alhali ko 1,000 da ƙyar. Abokina ya ce haramun ne, wai sayar da abin da ban mallaka ba ne. Haka ne? Kuɗin ya hau kaina? Zan iya biya daga zakka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abokinka ya riƙo hadisi ingantacce, na Hakimu ɗan Hizamu, amma ya ajiye shi inda ba wurinsa ba. Ciniki sai da mai saye da mai sayarwa da haja da za ta sauya hannu. A nan wa ya karɓi ayu? Abin da yaran nan suke yi ƙiyasi ne: su tara amsoshin jama'a, su fitar da adadin da za a nuna wa hukuma cewa dabbar tana da daraja a wurin mutane ko da ba a kai ta kasuwa ba. Da wannan hanya aka ƙiyasta ɓarnar da jirgin mai na Exxon Valdez ya yi a tekun Alaska ta Amurka a 1989, lissafin ya kai dala biliyan 2.8.

Fiƙihu bai baƙunci irin wannan ba. A Suratul Ma'ida, aya ta 95, Allah ya sa adalai biyu su ƙimanta fansar naman dajin da mai harami ya kashe, alhali dabbar ba ta kowa ba ce. Saboda haka amsa tambayar halal ne.

Ayu kuwa, asalinsa halal ne a ci, domin mazhabarmu ta Malikiyya ta halatta dabbobin ruwa. Sai dai shugaba yana da ikon killace halal saboda maslaha, kamar yadda Annabi (SAW) ya killace makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umar ya killace makiyayar Rabaza. Dabbar nan cikinta yakan kai kusan shekara, ɗa guda take haifa, ga raga, ga masu neman man ayu. Tun 1974 Cadi ta keɓe gandun Binder-Lere inda take rayuwa a tafkin Lere, a 2013 kuma yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta hana cinikinta tsakanin ƙasashe. Wanda ya ce dabbobi al'ummai ne irinmu, a Suratul An'am aya ta 38, bai ba mu izinin ƙarar da al'umma guda don kwalbar mai ba.

Inda ka yi kuskure shi ne 5,000 ɗin. Ka faɗi abin da ka san ba haka yake a ranka ba, wannan ƙarya ce ko da kunya ta jawo ta. Masanan wannan fanni su kansu babban kukansu ke nan, baki ya fi aljihu kyauta. Haka wanda ya ce sisi ba zai bayar ba don tsoron kada a mayar da shi haraji, shi ma ya karkatar da ma'auni. Ka yi istigfari, in ka sake ganin yaran ka gyara.

Kuɗin bai zama bashi a kanka ba. Ba bakance ka yi ba, ba alkawari ka ɗauka ba, tambayar "da a ce" aka yi maka. Da alkawari ne har wani ya shiga ɗawainiya saboda shi, to mashhurin mazhaba ya lazimta maka cikawa.

Zakka ba ta shiga nan. Kashi takwas ɗinta suna Suratut Tauba aya ta 60, ayu ba ya ciki. Sadakar ganin dama ce ƙofarka. Amma masuncin da aka hana shi farautar ayu har ya rasa abin ciyar da iyali, shi kam miskini ne, zakkarka ta halatta gare shi. Ni ina ganin ma duk asusun da za a kafa, da irinsa ya kamata a fara.

Wallahu a'alam.