Sifanun Snap-on ko na kasuwa, ga mai tada tsohuwar Land Rover ta soja?

Tambaya: Na sayi Land Rover Series IIA, tsohuwar motar soja, a gwanjo, ina so in tada ta da hannuna a ranakun hutu. Ƙanina da ke Amurka ya ce in turo kuɗi ya saya mini saitin sifanun kamfanin Snap-on na can mai garantin har abada, amma tsadarsa ta ninka ta wanda na gani a Panteka nesa ba kusa ba. Wanne zan ɗauka? Mai karatu daga Kaduna.

Amsa: Malam, ajiye maganar suna tukuna, ka leƙa ƙarƙashin motar. Series IIA, wadda aka ƙera daga 1961 zuwa 1971, ba da awon milimita aka haɗa ta ba. Akwai notin inci, akwai kuma tsohon awon Ingila da ake kira Whitworth, musamman a giyabos. Yawancin saitin da ke kasuwanninmu na milimita ne. Noti mai rabin inci faɗinsa milimita 12.7 ne, ka sa masa sifana mai lamba 13 za ta shiga, amma da ɗan lilo. In notin ya yi shekara hamsin cikin tsatsa, kana dannawa za ta zame ta cinye masa kai, daga nan sai kurfi da guduma. Don haka ka fara neman sifanun inci da na Whitworth. Kamfanin King Dick na Ingila har yanzu yana yin na Whitworth. Soket kuwa, wato kan sifana mai kama da kofi da ake kifa wa noti, ka ɗauki mai kusurwa shida, ya fi mai goma sha biyu riƙe tsohon noti.

Snap-on kaya ne na ƙwarai, babu musu. Sai dai garantin nasa ta hannun dillalansa yake aiki, masu zagaya gareji-gareji da mota a can Amurka. In racet, wato hannun soket mai komawa baya ba sai an cire shi daga noti ba, ya karye maka a Kaduna, wa za ka kai wa? Kuɗin aika shi da dawo da shi zai iya fin kuɗin sabo. Kuma garantin bai shafi ɓarnar ganganci ba, irin zura wa racet fayif don ƙara ƙarfi, abin da kowane bakanike ya san ana yi. Sayi dogon hannun soket mai ƙarfi don wannan aikin.

Ni da ni ne, zan bi layin masu kayan gwanjo in tsinci Gedore ko Stahlwille na Jamus, ɗaya-ɗaya. Tafi da noti a aljihu ka gwada a gaban mai kaya. In bakin sifanar ya buɗe ko fatarta tana ɓarewa, bar ta. Rubutun chrome vanadium, wato sunan irin ƙarfen, kaɗai kada ya ruɗe ka, jabu ma suna ɗauke da shi.

Abu guda da zan ce ƙaninka ya saya maka sabo dal shi ne sifanar awon ɗauri, wadda ke auna ƙarfin da aka ɗaure kusa da shi, don kusoshin kan inji. Ita ba a sayen ta a gwanjo, domin ido ba ya gane ko awonta ya kauce.