Tambayi Likita: Fargabar Magana da Turanci a Gaban Aji

Likita, ni ɗalibi ne a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU). Da an ce in tashi in gabatar da aiki da Turanci sai hannuna ya jiƙe da zufa, murya ta kama rawa. Ciwon zuciya ne?

A'a, ɗana. Sinadarin adirenalin, mai sa zuciya gudu, shi ne jiki ke saki idan ya ji barazana. Amma in ƙirji na ciwo, ko bugun na zuwa kana zaune kalau, je a duba ka.

Cin goro ko shan kofi kafin in tashi zai taimaka?

Sai dai ya ƙara wa zuciya gudu. Sha ruwa.

Wata ɗaliba daga Kakuri: ƙawata tana ba ni rabin tiramol kafin darasin Turancin kasuwanci, kuma bakina yana buɗewa. In ci gaba?

Haba 'yata! Ƙawar taki a ina ta karanci likitanci? Tiramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin kodin da gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Yana kama jiki, yana iya jawo farfaɗiya. Rabin yau, wata mai zuwa guda ba zai ishe ki ba, kuma tsoron na nan daram, tunda ƙwaƙwalwa ta riga ta yarda cewa sai da ƙwaya za ki iya. Haka masu sayen furofaranolol, maganin rage bugun zuciya, a kemis babu takardar likita: mai asma zai iya shaƙewa a kansa. Ki daina, amma in kin jima kina sha, ga likita tukuna, kada ki yanke lokaci guda.

Abin da ke karya wannan tsoro shi ne maimaici. Ki fara gabatarwa a ɗaki, kina ɗaukar muryarki a waya. Sannan gaban ƙawaye biyu, sannan rukunin karatunku. Haddace jimlolin farko kawai, don a nan ƙafa ta fi rawa. Kafin a kira sunanki, ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali.

In har kin fara gudun aji, ko barci ya ƙaurace miki, je asibitin makaranta ko na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa. Zuwa can ba hauka ba ne. Na sake faɗa, ki je.

Ana yi mini dariya don ina haɗa "p" da "f".

Ba cuta ba ce, Hausa ce ba ta raba su. Atisaye zai gyara.