Zauren Makanikai: Injin 505 zai zauna a cikin 504?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna. Injinta ya buga tun yana da rai, amma bodinta garau yake. Na samu wata 505 da aka daka ta baya, mai ita zai sayar da araha. Makanikina kuma ya ce in daina wahalar da kaina, a sa mata injin Toyota kawai. Wanne zan bi?
Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa.

Ɗana, sayi 505 ɗin, amma kada ka miƙa ko sisi sai ka ɗaga bonet da hannunka. Motocin nan biyu 'yan gida ɗaya ne. An fito da 504 a Faransa a 1968, masana'antar Peugeot ta Kaduna, wato PAN, ta fara haɗa ta a 1975, ita kuwa 505 ta biyo baya a 1979. Da yawansu inji ɗaya ne a cikinsu, wanda ake kira XN1, mai cc 1971, mai kafireta, wanda za ka gan shi a kishingiɗe gefe guda. In shi ka tarar, ka yi gamon katar. Sai dai akwai 505 da aka shigo da su daga Turai ɗauke da inji mai lita 2.2, wasu ma mai silinda shida. Waɗannan wani aiki ne daban, ka bar wa mai ita kayarsa.

Batun Toyota, ba na kushe injinta, yana da ƙarko. Matsalar tana ƙarƙashin mota. Ka shiga rami ka duba 504 ɗinku: ba za ka ga farfela, wato sandar ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, a fili tana juyawa ba, tana cikin wani bututun ƙarfe ne da aka ɗaure da noti tun daga wutsiyar akwatin giya har zuwa dif na baya, akwatin da ke raba juyin ga tayoyin baya biyu. Wato inji da giya da dif duk a haɗe suke, suna riƙe juna. Giyar Toyota ba a yi ta don wannan bututu ba, sai an yanka, an yi walda, an ƙirƙiro mazaunin da babu shi. Na sha ganin irinsu suna dawowa gareji, da an taka gudu sai ƙasan mota ya ɗauki rawa. Mai neman abinci da mota a hanyar ƙauye yana da uzuri. Motar gado da ake son ta koma yadda take ba ta cancanci wannan ba.

In ciniki ya faɗa, jawo 505 ɗin gaba ɗayanta ka ajiye kusa da taku, kada a cire inji a can a kawo maka a bayan a-kori-kura. Ƙananan abubuwa ne ke tsayar da aiki: robar mazaunin inji, tiyon ruwa, wayar totur, wani noti guda da za ka yini a Panteka ko Ƙofar Ruwa kana nema. Ka ɗebe inji da kuloci da sitata da lagireto, ka sa kowane rukunin noti a ledarsa, ka rubuta inda ya fito. In 505 ɗin mai giya biyar ce, akwatinta ya fi na mai huɗu tsawo, don haka sai ka haɗa da bututunta da farfelarta, a auna kafin a ɗaure. Tunda ta baya aka dake ta, a zaro farfelar a mirgina a kan shimfiɗaɗɗen siminti. In tana ɗingishi, ta lanƙwashe.

Kafin duk wannan, je ka da sassafe a tayar da injin yana sanyi. Zaro ma'aunin baƙin mai. In ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa yana shiga. Injin nan silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, cirewa ake yi, ruwa ne ke kewaye da su kai tsaye, kuma akwai abin toshe yoyo a gindin kowanne. Don haka ka gargaɗi makanikinka: in ya ɗaga kan silinda, kada ya kuskura ya juya inji sai ya danne silif ɗin da noti da manyan washa, wato faifan ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin noti. Da fistin ya ɗaga su ko kaɗan, shi ke nan, ruwa ya sami hanya. Yaran yanzu da suka tashi a kan motocin Japan ba kowa ya san wannan ba, gara ka nemi dattijon da ya yi zamanin Peugeot.

Tsohon injin mahaifinku kada ka ba 'yan gwangwan. In bulok ɗin, wato gangar jikin injin, bai tsage ba, da sabbin silif da fistin da ringi zai iya tashi wata rana. Ka tsiyaye ruwansa, ka shafe shi da mai, ka rufe.

Sai takardu. Mai 505 ya rubuta maka rasit ɗauke da lambar inji da ta shasi, da shaidu biyu, sannan ka je ofishin lasisi a gyara lambar injin a takardun 504 kafin ka hau titi da ita.